Yadda Ake Tallata Shirin Talabijin a Bukukuwan Masana'anta Don Samun Kuɗin Raino

Kowane shirin talabijin da ya kai ga idon masu kallo ya taɓa zama 'yan shafuka a hannun mutum ɗaya ko biyu, kuma tsakanin waɗannan shafuka da ranar da za a fara ɗauka akwai dogon lokaci, wani sa'in shekara biyu ko uku, wanda babu mai ganin wahalarsa sai masu aikin. A cikin wannan lokaci ake yin bincike, a rubuta kashin farko a sake rubutawa, a sayi haƙƙin littafi idan daga littafi aka ɗauko labarin, a biya lauya, a ɗauki ɗan gajeren gwaji. Kuɗin da ke ɗaukar nauyin wannan aiki su nake kira kuɗin raino, domin su ne ke riƙe da shirin har ya iya tsayawa da ƙafarsa a gaban mai saye. Sun sha bamban da kuɗin ɗauka, kuma rashin gane wannan bambanci shi ne kuskuren da na fi gani a wajen sababbin furodusoshi. Mutum zai tsaya gaban masu kuɗi ya nemi abin da zai ɗauki zango guda cur, alhali ko rubutun kashi ɗaya bai kammala ba, sai su saurare shi cikin ladabi, su gode masa, su juya ga na gaba.

Bukukuwan masana'anta su ne wuraren da masu bayar da irin waɗannan kuɗi ke taruwa a ɗaki ɗaya na 'yan kwanaki: jami'an sayen shirye-shirye na gidajen talabijin, wakilan dandalin kallo na intanet, kamfanonin dillancin shirye-shirye, gidauniyoyin tallafi, da furodusoshin wasu ƙasashe masu neman abokin haɗin gwiwa. Kowannensu da abin da ya kawo shi. Gidan talabijin yana da gurbi a jadawalinsa da yake so ya cike, dillali yana tunanin ƙasashe nawa zai iya sayar wa shirin, gidauniya tana duba ko aikin ya dace da manufar da aka kafa ta dominta, shi kuwa furodusan wata ƙasa yana lissafin ko zai iya karɓo tallafin ƙasarsa idan aka yi wani ɓangare na aikin a can. Duk abin da zai biyo baya a wannan jagora yana komawa ne ga abu ɗaya: ka san wanda kake yi wa magana, ka san matakin da shirinka yake, sannan ka nemi daidai abin da zai kai shi mataki na gaba.

Zaɓen bikin da ya dace da shirinka

Matakin farko shi ne ka daina kallon bukukuwan nan a matsayin abu ɗaya. MIPCOM da ake yi a birnin Cannes na Faransa kowane watan Oktoba babbar kasuwa ce, amma mafi yawan cinikin da ake yi a cikinta na shirye-shiryen da aka riga aka gama ne, don haka wanda ya je da shafi goma a jaka ba tare da ya shirya ganawa ba zai iya yin kwana huɗu yana yawo tsakanin rumfuna. Mai shirin wasan kwaikwayo mai dogon zango ya fi dacewa ya dubi Series Mania a birnin Lille, a watan Maris, inda ake zaɓar ayyuka kimanin 15 su gabatar da kansu a zauren neman haɗin gwiwa, kuma ake bai wa wanda ya yi fice kyautar Yuro 50,000 domin raino. Bikin fina-finai na Barlin a watan Fabrairu yana da irin wannan zama mai suna Co-Pro Series. A Kanada akwai bikin Banff a watan Yuni. Mai shirin gaskiya, wato dokumentari, yana da IDFA Forum a Amsterdam a watan Nuwamba, da Hot Docs Forum a Toronto, da MeetMarket na bikin Sheffield a Ingila, wanda aka gina shi kacokan a kan ganawar ido da ido. Masu katun suna da kasuwar MIFA a bikin Annecy, da Cartoon Forum a Toulouse, duka a Faransa. A nahiyar Afirka akwai Durban FilmMart a Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 2010, da kasuwar MICA da ke tafiya tare da bikin FESPACO a Wagadugu duk bayan shekara biyu. A Jidda kuma akwai Red Sea Souk.

Sanin sunayen ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne ka zauna ka karanta ƙa'idojin shiga layi bayan layi, domin a nan ake zubar da yawancin masu nema tun kafin wani ya karanta labarinsu. Wasu zauruka na kamfanonin wani yanki ne kaɗai, kamar yadda Cartoon Forum yake na furodusoshin Turai. Wasu suna sharɗanta cewa sai kana da kamfani mai rajista, wasu sai ka riga ka samu wani kaso na kuɗin, wasu kuma sai gidan talabijin ɗaya ya nuna sha'awarsa a rubuce. Haka lamarin yake ga gidauniyoyi: tallafin Creative Europe MEDIA na kamfanonin ƙasashen da ke cikin tsarin ne, Canada Media Fund na 'yan Kanada ne, yayin da IDFA Bertha Fund ke tallafa wa masu dokumentari daga Afirka, Asiya, Latin Amurka da wasu yankuna, Hot Docs-Blue Ice kuma na masu dokumentari ne na Afirka. Ka duba jerin ayyukan da aka zaɓa a shekara uku da suka wuce, ka tambayi kanka da gaskiya ko naka zai iya zama a tsakaninsu. Sannan ka lura da cewa ana rufe karɓar takardu watanni kafin ranar bikin, kuma idan tafiyar tana buƙatar biza, wannan ma yana da nasa lokacin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata shawara da ba a son ji, amma ina ganin dole in faɗe ta. Idan shirinka bai nuna ba, kada ka tura shi bana. Masu tantancewa a wannan fage ba su da yawa, sau da yawa mutanen da suka karanta a wannan biki su ne za su karanta a wancan, kuma shirin da aka gani ɗanye yana da wuya a sake kallonsa da sabon ido. Ya fi maka alheri ka sayi katin shiga ka je a matsayin mai kallo, ka zauna a zaure ka ga yadda ake yi, ka dawo baɗi da shiri.

Haƙƙin mallaka kafin komai

Kafin ka rubuta kalma ɗaya ta talla, ka tabbatar abin da kake tallatawa naka ne a takarda. Masu kuɗi suna son ganin silsilar haƙƙi, wato jerin takardun da ke nuna yadda mallakar labarin ta taso daga wanda ya ƙirƙiro shi har ta iso hannun kamfaninka ba tare da giɓi ba. Idan littafi ne, kana buƙatar yarjejeniya da marubucin ko mawallafinsa, wadda ka biya kafin alƙalami aka riƙe maka haƙƙin na wani lokaci, galibi wata 12 zuwa 18, tare da damar sabuntawa. Idan kai da abokinka kuka ƙirƙiro labarin, ku rubuta kason kowa yanzu da babu kuɗi a tsakani, domin abokantaka da yawa sun mutu a ranar da tayin farko ya shigo. Idan labarin rayuwar wani ne, ka nemi amincewarsa a rubuce. Ka kuma sani cewa dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutun da ka yi ne, ba ta kare tunanin da ke kanka ba, don haka kundin da ka rubuta mai kwanan wata ya fi maka kariya fiye da ɓoye labari. Neman jami'in gidan talabijin ya sa hannu a takardar rufe sirri kafin ya saurare ka a wajen biki ba ya aiki, kusan babu mai yarda, kuma yana nuna kai baƙo ne a fagen.

Kayan tallan

A nan mafi yawan aikin yake, kuma a nan zan fi daɗewa. Abu na farko shi ne jimlar labari: jimla ɗaya, ko biyu idan ta kama, da ke faɗin wane ne jarumin, me yake so, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa idan bai samu ba. Bari in ba da misali da shirin da na ƙirƙira domin wannan bayani. Wani zai ce, shirina yana magana ne a kan adalci da gaskiya da muhimmancin harshe. Wannan jigo ne, kuma babu mai sayen jigo. Ga yadda ya kamata ta fito: wata tafinta a kotu ta gano cewa kalma ɗaya da ta fassara ba daidai ba shekara tara da suka wuce ita ta jefa wani mutum gidan yari, kuma ba za ta iya fitar da shi ba sai ta tona wa kanta asiri a gaban alƙalin da ya ɗauke ta aiki. Duk wanda ya ji wannan zai tambaya, to sai me ya faru? Wannan tambayar ita kake nema. Ka gwada jimlarka a kan mutanen da ba su san ka sosai ba, idan suka iya maimaita ta ga wani bayan awa ɗaya, ta zauna.

Abu na biyu shi ne abin da ya raba shiri mai dogon zango da fim, kuma shi ne tambayar da jami'an saye ba sa mantawa da ita: daga ina labarin kowane kashi zai riƙa fitowa? Ina kiran wannan maɓuɓɓugar shiri. Fim yana da tambaya ɗaya da yake amsawa ya ƙare, shiri kuwa yana buƙatar rijiyar da za a yi ta ɗiba ba ta ƙafe ba. A misalin tafintar nan, kowane kashi yana zuwa da sabuwar shari'a da za ta fassara, kowace shari'a tana sa ta zaɓi tsakanin faɗin abin da aka ce da faɗin abin da ake nufi, yayin da maganar mutumin da ke tsare ke tafiya a ƙarƙashi daga kashi zuwa kashi. Idan aka tambaye ka abin da zai faru a zango na biyu ka tsaya kame-kame, mai tambayar zai fahimci cewa fim ne ka miƙe ya zama kashi takwas.

Daga nan sai kundin shiri, wanda don neman kuɗin raino shafi 10 zuwa 20 sun isa. A cikinsa za a sami jimlar labari, da tsarin shirin, wato kashi nawa ne kuma kowanne minti nawa, da bayanin duniyar da labarin ke gudana a cikinta, da manyan mutanen labarin huɗu ko biyar, da taƙaitaccen labarin zangon farko har ƙarshensa, da sakin layi ɗaya a kan kowane kashi. Kada ka ɓoye ƙarshen labari da sunan jan rai. Wanda zai sa kuɗinsa ba ɗan kallo ba ne, yana so ya san ka san inda za ka. Wajen bayanin mutanen labarin, ka bar jera sifofi irin su kyakkyawa, mai haƙuri, mai tsoron Allah, ka faɗi abin da mutum yake so da abin da yake ɓoyewa da wanda yake jin tsoro. Sai kuma takardar niyya, inda marubuci ko darakta ke bayyana abin da ya haɗa shi da wannan labari da dalilin da ya sa yanzu ne lokacinsa. Masu tantancewa suna karanta wannan shafi da natsuwa fiye da yadda ake zato, domin a matakin raino mutum suke saye kafin shiri. Idan kana da rubutun kashin farko, ka haɗa da shi, amma sai idan ya kai a nuna.

Sai gwajin hoto, na minti biyu zuwa uku. Gani ya kori ji, kuma a zauren da aka saurari mutum goma sha biyar a yini guda, hoton ne ke zama a zuciya. Ba lallai ya zama tirelar talla mai tsada ba. Ga mai dokumentari, minti biyu na babban mutumin labarin yana magana ko yana aikinsa sun fi komai, domin suna tabbatar da cewa ya yarda ka shiga rayuwarsa da kyamara. Ga mai wasan kwaikwayo, fitowa ɗaya da aka ɗauka da kyau, mai tsabtar sauti, ta fi tarin gutsattsarin hotuna da kiɗa mai ƙarfi. Idan ka haɗa gwajin da hotunan ayyukan wasu domin nuna irin yanayin da kake nufi, ka faɗa a fili cewa ba naka ba ne. Ka sa fassara a ƙasan hoton da harshen da bikin ke aiki da shi, kuma ka ba wanda ya ƙware a harshen ya duba, domin kuskuren fassara a babban allo yana zubar da kimar aiki nan take.

Na ƙarshe a cikin kayan shi ne kasafi, kuma guda biyu ne. Akwai ƙiyasin abin da kowane kashi zai ci idan an zo ɗauka, wanda ake so ya yi daidai da abin da irin wannan shiri ke ci a inda za a yi shi. Akwai kuma kasafin raino dalla-dalla: ladan marubuci, zaman marubuta tare na makonni kaza, bincike, kuɗin haƙƙi, lauya, fassara, gwajin hoto, tafiye-tafiye. Kusa da shi ka ajiye tsarin samo kuɗi, wanda ke nuna abin da ya riga ya shigo, abin da aka nema ana jiran amsa, da giɓin da ya rage. Kada ka rubuta abin da ake jira a layin abin da ya tabbata. Mutumin da ka ce ya amince zai iya kasancewa yana zaune a sahu na uku.

Idan aikin na sababbin kafafe ne

Shirin da aka yi domin YouTube ko wayar hannu, da shirin sauti na intanet, da labarin da mai kallo ke zaɓar inda zai dosa, da aikin da ake kallo da tabarau na musamman mai sa mutum ya ji kamar yana tsakiyar wurin, duk suna da nasu zauruka, irin su DocLab na IDFA wanda aka kafa a 2007, da sashen Venice Immersive na bikin Venice. Duk abin da aka faɗa a sama ya shafe su, sai dai akwai ƙarin tambayoyi uku. Ta farko, me ya sa labarin yake buƙatar wannan kafa, me zai rasa idan aka yi shi a matsayin shirin talabijin na yau da kullum? Ta biyu, me mai kallo yake yi da hannunsa ko jikinsa daga minti na farko zuwa na ƙarshe? Ana so ka bayyana wannan tafiya kamar kana riƙe da hannunsa. Ta uku, ta yaya aikin zai isa ga jama'a, a wace na'ura, kuma wa zai ci gaba da kula da manhajar bayan shekara biyu? A wannan fage samfurin da za a iya taɓawa, ko da na minti ɗaya ne, ya fi kowane irin bayani. Wanda kuma ya riga ya tara mabiya a intanet, ya zo da alƙaluman gaskiya daga shafinsa, musamman tsawon lokacin da mutane ke ɗauka suna kallo da ƙasashen da suke, domin yawan mabiya kaɗai ba ya burge masu saye kamar da.

Mintunan da za ka yi a kan dandamali

Lokacin gajere ne. A Hot Docs Forum minti bakwai ake bayarwa, har da gwajin hoto a ciki, sannan minti takwas na tattaunawa da masu kuɗin da ke zagaye da tebur. Cartoon Forum yana ba da kusan rabin awa, amma yawancin zauruka sun fi kusa da na farkon. Ka yi lissafi: idan gwajinka ya ci minti uku, saura huɗu, kuma mai magana cikin natsuwa ba zai wuce kalmomi 500 a minti huɗu ba. Shafi ɗaya da ɗan ƙari ke nan. Don haka kowace jimla sai ta biya kuɗin zamanta.

Tsarin da na ga yana aiki shi ne ka faɗi sunanka da matsayinka a jimla ɗaya, ka faɗi sunan shirin da tsarinsa, sannan ka shiga labarin ta ƙofar mutum. Kana iya cewa: ku kalli wata mata a tsaye tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma, babu wanda ke jin harshen ɗayan, duk abin da ta faɗa shi ne gaskiya a wannan ɗaki. Daga nan jimlar labari, sai gwajin hoto, sai maɓuɓɓugar shirin da inda zangon zai ƙare, sai masu kallon da kake nufi. Minti na ƙarshe na buƙata ne, kuma a nan da yawa ke jin nauyi su yi ta zagaye. Ka faɗa ƙarara: muna da rubutun kashin farko da haƙƙin labarin, muna neman kuɗi kaza domin rubuta sauran kashi biyar cikin wata tara, kuma muna neman abokin haɗin gwiwa da dillali. Mutanen da ke zauren don wannan jimla suka zo.

Ka yi atisaye da agogo a gabanka har sai maganar ta zauna a bakinka ba tare da ta zama hadda ba. Na taɓa ganin wata furodusa da na'urar nuna hoto ta mutu mata a tsakiyar gabatarwa, allon ya yi baƙi, ma'aikata suna ta kai-kawo a bayanta. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta matso bakin dandamali, ta ba da labarin fitowar da ya kamata a gani da bakinta, har da shirun da ke tsakanin maganganun 'yan wasan. Zauren ya yi tsit. Ta iya yin haka ne domin labarin take riƙe da shi, ba jerin allunan da ake haskawa ba. Su allunan ma, kada su wuce kaɗan, hoto babba da kalmomi ƙalilan, domin jama'a ba za su karanta su kuma saurare ka a lokaci guda ba. Idan ku biyu ne, ku raba aiki tun farko: marubuci ko darakta ya ɗauki labari, furodusa ya ɗauki kuɗi da jadawali. Idan harshen bikin ba naka ba ne, ka yi gajerun jimloli, ka rage gudu, babu wanda ke auna lafazinka. Yawancin bukukuwa suna ba wa waɗanda aka zaɓa horo na kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, kada ka raina shi ko da ka saba magana a bainar jama'a.

Lokacin tambayoyi, ka saurara har mai tambaya ya kai aya, ka amsa abin da aka tambaya a taƙaice. Za a tambaye ka su wane ne masu kallo, kuma amsar da ta fi kowace muni ita ce kowa da kowa. Za a tambayi shirye-shiryen da naka ya yi kama da su, don haka ka shirya guda biyu na 'yan shekarun nan, masu kasafi kusa da naka. Idan wani ya kushe wani ɓangare, kada ka shiga musu a gaban jama'a, ka ce ka ji kuma kana so ku tattauna bayan zama. Idan ba ka da amsa, ka ce za ka bincika ka aiko. Kada kuma ka ambaci sunan wani tauraro a matsayin wanda zai fito alhali gaisawa kawai kuka yi, baki shi ke yanka wuya.

Ganawar ido da ido

Ba kasafai ake ƙulla ciniki a kan dandamali ba. Amfanin gabatarwar shi ne ta cika maka jadawalin ganawa, kuma a waɗannan zama na minti 15 zuwa 30 ake yin ainihin aikin. Da zarar bikin ya fitar da jerin mahalarta, ka zaɓi mutum goma zuwa goma sha biyar da suka dace da kai, ka binciki abin da kowannensu ya saya a shekara biyu da suka wuce, ka aika masa gajeren saƙo mai ɗauke da jimlar labari da dalilin da ya sa kake ganin shirin ya dace da tasharsa. A wajen zaman, kada ka maimaita jawabin dandamali. Ka fara da tambayar abin da yake nema a bana, ka bar shi ya yi magana, sannan ka ɗauko daga shirinka abin da ya haɗu da bukatarsa. Ka riƙe takarda mai shafi ɗaya da za ka bar masa, sauran kundin ka aika daga baya. Kafin ku tashi, ka tambayi abin da yake so ya gani na gaba, da wanda ke yanke hukunci a kamfaninsu, da lokacin da ya dace ka tuntuɓe shi. Da ka fito, ka rubuta duk abin da ya faɗa kafin ka shiga zama na gaba, domin zuwa yamma fuskoki da maganganu za su cakuɗe maka. Yana da kyau kuma ka ajiye wani shiri na biyu a baki, jimla biyu kacal, saboda wanda ya ce wannan bai dace da su ba yakan tambaya ko kana da wani abu.

Bayan an watse

Cikin mako guda ka aika wa kowa saƙo, ka tuna masa abin da kuka tattauna, ka haɗa da abin da ya nema kaɗai. Idan shiru ya yi yawa, ka sake taɓa shi bayan mako uku ko huɗu, daga nan kuma sai idan kana da sabon labari, kamar samun tallafi ko kammala rubutu. Wanda ya ce a'a da dalili ya ba ka abu mai amfani. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka tsaya a kan matsala ɗaya, matsalar tana nan, ko da maganin da suka ba da shawara ba shi ne daidai ba.

Idan tayi ya zo, ka fara da gane irin kuɗin da ake miƙo maka. Akwai kyauta ko tallafin da ba a mayarwa, sai dai a nemi rahoton yadda aka kashe da sanya sunan mai bayarwa a shirin. Akwai rancen da ake mayarwa ranar da aka fara ɗauka, wanda dole ka sa shi a cikin kasafin ɗauka tun yanzu. Akwai kuma kuɗin gidan talabijin ko dandalin kallo, wanda ke zuwa da sharaɗi: su ne za su fara ganin abin da aka rubuta, ba za ka kai wa wani ba har zuwa wani lokaci, wani sa'in ma mallakar rubutun ta koma hannunsu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ka san askin kafin ka karɓi ladan. Ka ba lauyan da ya san harkar nishaɗi ya karanta, kuma ka tabbatar takardar ta amsa waɗannan: me za ka miƙa kuma yaushe, sau nawa za a biya kuɗin, gyara nawa za su iya nema, wa ke riƙe da haƙƙin sayarwa a wasu ƙasashe da haƙƙin sake yin shirin da wani harshe, kuma wane matsayi kai da marubucinka za ku riƙe idan an zo ɗauka.

Sakin layin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na dawowar haƙƙi. Yawancin shirye-shiryen da aka yi rainonsu ba sa kaiwa ga ɗauka a hannun wanda ya fara biya: jami'in da ya ƙaunaci aikin yakan bar kamfanin, ko manufar tashar ta sauya, ko kasafinsu ya ragu. Dole yarjejeniyar ta faɗi adadin watannin da suke da su su yanke hukunci bayan ka miƙa rubutun ƙarshe, ta kuma faɗi cewa idan wa'adin ya cika ba su ce a ɗauka ba, haƙƙin ya dawo gare ka, tare da bayanin ko za a mayar musu da abin da suka kashe, da kuma cewa mayarwar za ta kasance ne ranar da wani ya fara ɗaukar shirin. Ka rubuta ranar cikar wannan wa'adi a kalandarka tun ranar sa hannu, ka duba ta gefe da gefe da ranar ƙarewar yarjejeniyarka da mai littafin ko mai labarin, domin idan ta biyun ta riga ta farkon cika, sai ka sabunta ta tun da sauran lokaci.